Takardar Haliru, Karatun Sahabi

Akwai lokacin da in baƙo ya shiga Tungar Lawwali, wani ɗan ƙauye da ke bayan Kekun Waje a ƙasar Bungudu, ya ce yana neman Haliru Attahiru, sai a tambaye shi wanne daga ciki, na gona ko na boko. Baƙo ya zaci gida biyu ne. Gida ɗaya ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ɗaya ne kawai aka yanka wa rago da wannan suna. Ɗayan sunansa Sahabi, shi ne ƙanen, kuma labarinsa ne wannan.

Abin ya faro ne a daminar 1993. Hedimastan firamare da mai unguwa suka bi gida-gida da babbar rajista, kowane gida ya ba da yaro ɗaya. A wancan zamani mutanen Tunga suna ba da ɗa ga boko ne kamar yadda suke ba da haraji, ana yi ana ƙunƙuni. Da aka iso gidan Malam Attahiru, sai ya faɗi sunan babban ɗansa, Haliru, mai shekara tara. Aka rubuta, aka wuce. Kafin a buɗe makaranta da 'yan makonni, Malam Attahiru ya sayi shanun huɗa guda biyu, abin da ya shekara bakwai yana buri. Sai ga shanu a turke, ba mai riƙe igiya sai Haliru. Sahabi kuwa yana shekara bakwai, ɗan siriri mai yawan tari, wanda ko akuya ce ta fizge shi sai an ɗaga shi daga ƙasa. Tsohon ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya yanke hukunci ba tare da ya shawarci kowa ba.

Ranar da aka buɗe makaranta ya kama hannun Sahabi ya kai shi bakin darnin makarantar, ya ce masa, "In anka kira Haliru, kai anka kira. Ka amsa da ƙarhi."

Kada a yi saurin zagin tsohon. Ba ƙeta ya yi ba, tsoro ya ji. A ganinsa in ya je ya ce a goge suna a rubuta wani, gwamnati za ta gane yana da 'ya'ya biyu, ta ce ya kawo su duka. Ba shi kaɗai ya yi haka ba kuma, gida uku ne a Tunga suka yi irin wannan musanye a shekarar. Sauran biyun dai yaransu sun gudo tun kafin aji uku, maganar ta mutu da kanta. Na Malam Attahiru ne ya yi taurin kai ya so karatu. Da hedimasta ya gane, sai ya yi dariya ya ce rajista ta riga ta tafi Bungudu, a bar shi haka, ai duk ɗan Attahiru ne.

Haka Sahabi ya yi shekara goma sha biyu yana amsa sunan yayansa daga safe zuwa azahar, ya dawo gida ya koma Sahabi. Ya gama firamare, ya wuce sakandare a Bungudu, yana zaune gidan wani abokin babansa mai sayar da taki. Kansa yana ja ƙwarai, musamman a darasin halittu, har malamai suka riƙa ce masa likita cikin wasa, shi kuwa bai ɗauke shi wasa ba. A 2005 ya zana jarrabawar fita, ya samu kiredit bakwai, har da Turanci da lissafi. Takarda ta fito da hatimi da ɗan hotonsa a kusurwa, da suna ɓaro-ɓaro: Haliru Attahiru. A wannan shekarar ce kuma Malam Attahiru ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Gandu ya faɗo kan 'yan'uwan biyu, ga uwarsu Iya, ga ƙanne mata huɗu. Sahabi ya ce bari ya taimaka a yi damina ɗaya, baɗi sai ya nemi makarantar gaba. Kowa ya san irin wannan baɗin, sai da ta shekara goma sha takwas tana tafe.

Ya yi aure, ya samu mace mai kaifin baki da kirkin zuciya, Bara'atu, suka haifi biyar. Yana noma gero da dawa da waken suya kamar kowa, amma zuciyarsa tana ɗakin shan magani na Tunga, wani gini mai ɗaki biyu da aka yi kusa da rijiya. Mai kula da wurin, Malam Mannir, mutumin Gusau ne da ke zuwa kan babur. Tun yana kiran Sahabi ya cika masa katin rigakafi, har ya zama Sahabi ne ke buɗe ƙofa, ya share, ya jera mata a benci, ya auna jarirai, ya rubuta. Ba albashi, ba muƙami, sai godiya da kuma sunan likita da ya biyo shi har nan. Ya koyi gwajin zazzaɓin cizon sauro da ido kawai, ya haddace sunayen magunguna, ya san yaron da za a ba ruwan gishiri da sukari da wanda za a ce a garzaya da shi Bungudu. Allura ce kawai Malam Mannir bai taɓa bari ya yi ba. Yakan ce masa, "Hannunka ya fi nawa, amma ba ka da takarda, kuma ba zan jefa ka cikin wuta ba."

A 2013 wani ɗan siyasa ya kawo wa Tunga gurbin aiki ɗaya, gadin rana a wata makarantar gwamnati, kuma aka ce sai mai takardar sakandare. Lokacin Haliru yana da 'ya'ya shida, garma ta taɓa masa ƙugu, ba ya iya wuni a sunkuye. Sahabi da kansa ya kawo shawarar. Ga takarda tana kwance cikin akwati ba ta yin komai, sunan Haliru ne a jiki, hoton ya dushe, kuma dama sun yi kama. Ya ɗauko ya miƙa wa yayansa yana jin daɗin kansa, dattawa suna sa masa albarka. Ba wanda ya kira abin ƙarya. Wace ƙarya, bayan sunan mutum ne na yanka? Haliru ya samu aiki, ya sayi keke, ya riƙa ajiye takardar cikin leda biyu a ƙasan akwatin matarsa.

Bayan musanyen suna da aron takarda, kuskure na uku shi ne wanda ya fi kama da gaskiya. A 2021, da aka ce duk wanda bai yi katin ɗan ƙasa ba za a rufe masa layin waya, masu rajista suka zo Kekun Waje da na'urorinsu. 'Yan'uwan suka bi layi, Haliru a gaba, Sahabi a baya. Haliru ya faɗi sunansa, ya dangwala yatsu. Aka zo kan Sahabi, ya ce Sahabi Attahiru. Me zai ce? Shekara goma sha shida ba wanda ya kira shi da wancan suna, ga kuma mai sunan tsaye yana goge yatsa a riga. Ya koma gida da 'yar takardarsa, ko a jikinsa.

Daga nan al'amura suka ƙara taɓarɓarewa a yankin. Ɓarayin daji suka matsa, hanya ta zama sai da addu'a, ma'aikatan da ake turowa daga birni suka riƙa neman a mayar da su, kuma ba mai ganin laifinsu. Malam Mannir ya daure har shekarunsa na aiki suka kusa cika. Wata Talata a farkon 2023, bayan matan awo sun watse, ya zaunar da Sahabi ya gaya masa cewa saura masa shekara uku ya ajiye aiki, kuma in ya tafi ba ya jin wani zai zo ya zauna. Ya ce akwai wata makarantar koyon aikin lafiya a Tsafe da ta fitar da fom, karatun shekara uku ne, in Sahabi ya shiga yanzu zai fito daidai lokacin. Ɗan gari ba ya gudun gari. Dattawa suka ji, suka ce sun ɗauke masa noman gonarsa da gayya har ya gama. Bara'atu ta ce ita ta ɗauke masa gida. Sahabi yana da shekara talatin da bakwai, furfura ta fara leƙowa a gemunsa, amma ranar ya dawo gida yana tafe kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

Ya ɗauki kwafin takardar da ya rage masa da katinsa na ɗan ƙasa, ya hau mota zuwa Gusau, daga tasha ya shiga ta Tsafe. Da suka wuce gindin dutsen Kwatarkwashi fasinjoji suka yi tsit kowa yana motsa baki da addu'a, shi kuwa yana can yana bitar sunayen ƙasusuwan jiki a zuci, ko za a tambaye shi. Ba a tambaye shi ƙashi ko ɗaya ba. Ma'aikacin da ke karɓar takardu, wani dattijo mai tabarau, ya dubi sakamakon ya gyaɗa kai, ya dubi katin, ya sake duban sakamakon.

"Malam, wane ne Haliru?"

"Ni ne, ranka shi daɗe. A makaranta."

"Sahabi fa?"

"Shi ma ni ne."

Dattijon ya cire tabarau ya saurari labarin tun daga shanun huɗa, bai katse shi ba, bai kuma yi dariya ba. Ya ce ba yau ya fara jin irinsa ba, kuma akwai mafita. A je kotu a yi takardar rantsuwa cewa mai sunan nan da mai sunan can mutum ɗaya ne, a buga a jarida, a kawo tare da takardar ta asali, ba kwafi ba, su kuma za su aika lambarta a tabbatar. Ya ba shi mako uku kafin a rufe karɓa. Sahabi bai ambaci aikin gadi ba, ba don ya ɓoye ba, har ga Allah bai haɗa abin biyu a kansa ba.

Malam Mannir ne ya haɗa masa su washegari, kuma bai yi masa kwana-kwana ba. Ya ce takarda ɗaya lamba ɗaya gare ta, kuma lambar nan tana cikin fayil ɗin Haliru shekara goma. Yanzu komai ya koma kwamfuta. In Sahabi ya rantse takardar tasa ce, ya buga a jarida, to ya rantse ke nan cewa ba ta Haliru ba ce. Ko ba a gano yanzu ba, ranar da zai shiga aikin gwamnati lamba za ta ci karo da lamba. Abu mafi sauƙi da zai samu Haliru shi ne kora. Ga shi kuma an sanar da tantance ma'aikata a ƙarshen wata, kowa ya zo da takardunsa na asali. Sahabi ya zauna kan bencin mata.

Bara'atu ba ta ga abin dogon tunani ba. Tana tankaɗe tana magana, garin yana tashi da ƙarfin hannunta.

"Wa yay yi karatun? Wa yat taka Bungudu da ƙahwa ranar da babu mota? Aro kab ba shi, shekara goma shina ci. In mutum ya ari tabarma, baƙon mai ita ya zo, ba sai a naɗe a maido ba?"

"Yayana ne, Bara'atu. Ɗiya goma garai yanzu."

"Kai kuma gari guda ka jiranka."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ta yi masa zafi. Ya je wurin Iya, ko za ta sa baki. Tsohuwar tana ɓarar gyaɗa a inuwar rumbu. Haliru ɗan farinta ne, ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa shigar masa faɗa ba, kamar yadda kunyar ɗan fari ta tanada. Ta ji bayani har ƙarshe, ta kawar da kai ta ce, "Ba ni da bakin magana bisa wancan. Tun can ban yi ba." Ta ci gaba da ɓararta.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya bi Haliru gida. Suka zauna a zaure, Haliru ya miƙe ƙafa saboda ƙugun. Sahabi ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi shanu, ya tambayi iri, har yayan ya gaji ya ce ai maganar ta riga shi isowa, mata sun kawo ta tun jiya. Ya tashi da ƙyar ya shiga ciki, ya fito da leda, ya ajiye ta kan tabarma tsakaninsu.

"Ga ta nan. Taka ce, ban musu ba. Amma bari in hwaɗa maka wata magana da ban taɓa hwaɗi ma kowa ba. Ranar da kat tahi makaranta, ni ma na tahi."

Sahabi ya ɗago kai.

"Baba ya ce in kai shanu hwadama, sai nib bi da su ta bayan aji. Nit tsaya jikin darni. Nij ji malam ya kira sunana, har na buɗe baki, sai nij ji ka amsa. Da ƙarhi kuwa, yadda anka ce maka. Kwana bakwai ina zuwa ina saurare. Ran na takwas Baba yag gane, yab ba ni kashi, nid daina." Ya yi 'yar dariya marar daɗi. "Wata guda nike gaya ma yara za ni boko. Har allon kwano na samu, ina zane da gawayi."

Bai faɗe ta da fushi ba, da ma da fushin ya faɗa da ta fi sauƙi. Sahabi ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba. Shekara talatin yana ba da labarin musanyen nan a matsayin abin dariya, yana cewa shi aka jefa boko don ba shi da amfani a gona. Ko sau ɗaya bai taɓa tambayar kansa yadda abin ya kasance ga wanda aka cire ba. Yana ganin ya yi wa yayansa kyauta a 2013, ashe a wurin Haliru ɗan abin da ya rage ne na kayansa aka maido masa.

Duk da haka ya ɗauki ledar. A faɗi wannan don kada a mai da shi waliyyi. Ya ɗauka, ya yi godiya, ya fita bai iya duban idon Haliru ba.

Ranar Litinin da hantsi yana bakin kotu a Gusau, inda masu buga takardu ke jere da kwamfutocinsu ƙarƙashin rumfar kwano. Ya zauna gaban wata mata mai saurin hannu, ya ba ta sunayen biyu. Ta buga, ta fitar, ta karanta masa da Hausa don ya tabbatar: cewa shi, Sahabi Attahiru, yana rantsuwa cewa shi da Haliru Attahiru mutum ɗaya ne, ba biyu ba. Ta nuna masa ƙofar da zai shiga a rantsar da shi a buga hatimi, ta ce minti goma ya ishe shi, ta kira na gaba.

Ya je har bakin ƙofar. Akwai benci, ya zauna yana jiran layi. Layi ya zo kansa ya ce na bayansa ya wuce. Na bayan wancan ma ya wuce. Yana ta gaya wa kansa cewa ba ƙarya zai yi ba, shi ya zauna a ajin, shi ya riƙe biron, Allah ma shaida ne. Amma takardar ba haka ta ce ba, cewa ta yi mutum ɗaya ne, shi kuwa ya baro ɗayan a zaure da ciwon ƙugu. Ya tuna matan Tunga a bencin awo, ya miƙe tsaye. Ya tuna yaro ɗan shekara tara a jikin darni da igiyar shanu a hannu, ya koma ya zauna. Masinjan kotun ya gaji da ganinsa ya tambaye shi ko wani yake jira. Ya ce a'a. Da aka kira azahar ya ninke takardar rantsuwar ya sa a aljihu, ya yi salla, ya nufi tasha don kada la'asar ta same shi a hanya.

Abin da ya biyo baya ba shi da yawa. Aka rufe karɓar fom a Tsafe. Malam Mannir ya ba shi shawarar ya sake zana jarrabawar sakandare da sunansa na gaskiya, irin wadda manya ke yi daga waje. Ya yi rajista, ya ari littattafan 'yar maƙwabcinsa, ya tarar rabin abin da ke ciki bai taɓa ganinsa ba. Jarrabawar ta faɗo a tsakiyar kaka, cibiyar tana Gusau, ga dawa a tsaye ana tsoron a kwana biyu ba a girbe ba a rasa ta. Ranar takardar lissafi aka tare hanya, ba motar da ta fita sai bayan azahar. Ya samu kiredit uku. Ya ce zai sake, Bara'atu ta ce ya sake, dattawa suka ce Allah ya sa, amma muryar kowa ta riga ta sauka. Bai sake ba. Malam Mannir kuwa ciwon suga ya sa ya ajiye aiki tun kafin lokacinsa. Yanzu wani matashi ne ke zuwa daga Bungudu ranar Talata in hanya ta yi kyau. Sauran kwanakin Sahabi yana buɗe ƙofa ya share, ya auna jarirai, ya gaya wa iyaye wanda zai iya jira da wanda ba zai iya ba. Makullin kabad ɗin magani ba ya hannunsa. Bara'atu ba ta yafe wa kowa ba a wannan magana, har marigayi Malam Attahiru tana sa shi a ciki, sai dai takan ƙara da Allah ya ji ƙansa.

In aka tambayi Sahabi ko ya yi nadama, yakan ce ya yi, kuma ba ya ɓoyewa. Ba ya ce ya yi daidai ba, don ya ga yaran da suka rasu a hanyar Bungudu waɗanda yake jin da yana da makulli da allura da wataƙila suna nan. Ba ya kuma ce ya yi kuskure. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne yammacin Litinin ɗin da ya dawo daga kotu.

Daga tasha bai biya gidansa ba, gidan Haliru ya wuce. Ya same shi a ƙofar gida yana gyaran sarƙar keke. Ya miƙa masa ledar ya ce, "Yaya, ga ta. Ka tahi tantancewarka."

Haliru ya goge hannu a tsumma, ya karɓa. Bai yi godiya ba, bai tambayi abin da ya faru a Gusau ba. Ya kwance ledar farko, ya kwance ta biyu, ya fitar da takardar ya riƙe ta da yatsu biyu a gefe don kada baƙin mai ya taɓa ta. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya mayar wa ƙanensa.

"Karanta mini. Shekara goma ina yawo da ita ohis-ohis, ban san abin da tac ce ba. Kunya nike ji in tambayi wani."

Sahabi ya tsuguna kusa da keken ya karanta. Ya fara da sunan, ya faɗi makarantar da shekarar. Ya bi darussan ɗaya bayan ɗaya yana fassara masa, wannan Turanci ne, an ci, wannan lissafi ne, an ci, wannan ilimin halittu ne, nan an ci da daraja mafi girma, ba a samun sama da ita. Haliru yana gyaɗa kai a kan kowanne kamar mai sauraron wa'azi. Da aka kai ƙarshe ya ce a sake karanta masa na halittun. Aka sake.

"A makarantar duka, mutum nawa sunka samu irin wanga?"

"Biyu, Yaya."

Haliru ya karɓi takardar ya mayar cikin ledojinta a hankali, ya ɗaure bakin.

"Ashe da an bar ni, da na iya," in ji shi.

Haliru ya sa ledar cikin riga, ya jawo keken, ya ce wa Sahabi ya riƙe masa sitiyari ya ƙarasa ɗaura sarƙar.